Amsoshin Tambayoyinku: Allurar Korona Ga Yaro Mai Wata Lalura

Wasiƙun wannan mako kusan duka a kan abu ɗaya suka taru: yaro yana ɗauke da wata cuta, a yi masa allurar korona ko a ƙyale shi? Na zaɓi shida.

Wata uwa daga Shari' Mansur a Makka ta rubuto: "Ɗana shekararsa 8, yana da sikila, bara sau biyu aka kwantar da shi. Surukata ta ce jininsa ba zai ɗauki wannan allura ba. Ba na iya barci saboda tunani."

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da wannan jinya da kike yi dare da rana. Tsoron surukarki na ƙauna ne, amma lissafin ya juya mata. Yaron da jikinsa ba shi da ƙarfi shi ne cutar ta fi yi wa illa, don haka shi ya fi bukatar kariya. Korona huhu take kamawa. Huhun mai sikila kuwa shi ne wurin da likitoci suka fi jin tsoro, domin zazzaɓi da ƙarancin iska a jini suna sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyin ƙirji. Wannan toshewar ƙirji ita ke kai yaro ɗakin kulawa ta musamman, a sa masa iska, wani lokaci har da ƙarin jini. Shi ya sa lokacin da Saudiyya ta buɗe allurar ga 'yan shekara 5 zuwa 11 a ƙarshen 2021, da yara masu irin wannan lalura aka fara.

Allurar Pfizer da ta Moderna babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu. Ba za su sa masa korona ba, kuma ba sa karo da hydroxyurea ko penisilin ko folik asid da yake sha kullum. Kada ki tsayar da ko ɗaya saboda allura.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Kada a yi masa ranar da ciwon ƙashi ya tashi ko yana zazzaɓi, a bari sai ya warware. Kwana ɗaya kafin a je da kwana biyu bayan an dawo, ki matsa masa da shan ruwa, kin san zafin Makka ba ya raga wa mai sikila. Kada ki ba shi Fanadol tun daga gida wai don ki riga zazzaɓin. Bayan an yi, ku zauna a wurin minti 15, in kuwa ya taɓa yin mummunan borin jini da wani magani ko abinci, minti 30. Damtse zai yi tsami, zai yi kasala, wataƙila jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. A wurin yaro lafiyayye wannan ba komai ba ne. A wurin ɗanki ba haka ba. Saifar mai sikila ba ta aiki yadda ya kamata, ƙwayar cuta na iya shiga jini ta yi ɓarna cikin 'yan sa'o'i, kuma alamarta ta farko zazzaɓi ce. In ma'aunin zafi ya nuna 38.5, ko abin da likitansa ya gindaya miki in ya ce 38, ki ɗauke shi zuwa sashen gaggawa a daren. Kada ki ce ai allurar ce, kada wani ya ce miki haka ki yarda. Ki auna kafin ki ba da magani, domin Fanadol na ɓoye zazzaɓi ya bar cutar tana aiki a ƙarƙashi.

Kin yi sa'a ɗaya: sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tana da yawa a Ƙaɗif da Ahsa da Jazan, tun 2004 ma aka wajabta gwajinta kafin aure, saboda haka likitocin jini a nan sun san ta ciki da bai. A mau'idinku na gaba, wato ranar ganin likita, ki tambayi likitan abu biyu: yaushe ya fi dacewa a yi, kuma allurar nimoniya da ta sanƙarau da ta murar shekara sun cika? Waɗannan ukun ba su gaza ta korona muhimmanci ba, musamman ga mai zama a garin da duniya duka ke taruwa lokacin Hajji da Umara. In da hali, ki tafi da surukar taki ta ji da kunnenta.

Wani mahaifi daga Madina: "'Yata tana da asma. Abin shaƙarta zai hana allurar aiki?"

Ba zai hana ba, Malam. A yi mata ranar da ƙirjin ya lafa, ka sa shuɗin abin shaƙar a aljihu ku tafi da shi. Na kullum ɗin nan mai hana tashin ciwon, kada a fasa shi ko rana ɗaya.

Daga Kandara a Jidda: "Ɗana shekara 15, yana allurar insulin. Na ji allurar korona na kumbura zuciyar samari. Gaskiya ne?"

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye maka ba. An tabbatar da kumburin tsokar zuciya bayan allurar Pfizer da Moderna. Ba kasafai yake faruwa ba, amma inda ya fi fitowa shi ne a samari maza daga shekara 12 zuwa ƙasa da 30, galibi bayan allura ta biyu, cikin makon farko. Mafi yawansu suna warkewa da hutu da magani. Ɗanka yana cikin wannan rukuni, don haka tambayarka a kan hanya take. Sai dai ita kanta korona tana kumbura zuciya, kuma ga mai ciwon suga tana da wata ɓarnar: zazzaɓi yana harba suga sama, yaro ya ƙi abinci, iyaye su rage insulin, jini ya cika da kiton (wata guba da ke taruwa in insulin ya yi ƙaranci), a wayi gari yana amai yana numfashi sama-sama. Idan aka ɗora biyun a sikeli, allurar ta fi sauƙi.

In likita ya ce allura biyu zai yi, ka nemi a tsawaita tsakani zuwa mako 8, domin hakan na rage haɗarin kumburin. Mako guda bayan allurar ka sa masa ido: ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, ko haki ba tare da ya yi gudu ba, asibiti kai tsaye, kuma ka faɗa musu ranar da aka yi allurar. Kwana biyun farko a auna suga kowace awa 3 zuwa 4, in ya haura 250 a duba kiton. Insulin mai dogon aiki ba a tsayar da shi ko yaro bai ci komai ba.

Wani daga Hindawiyya: "Ɗana yana da ciwon ƙoda. Wani ya ce zai zo gida ya yi masa allurar a riyal 300, ko kuma in sayi haɗin zuma da habbatus sauda na ƙara garkuwar jiki a riyal 250, wanda ya ce ya fi allurar. Wanne zan saya?"

Ko ɗaya, Malam. Kuma ka yi haƙuri, a nan zan daɗe, domin wannan ita ce cutar da ta fi damuna a unguwanninmu, ta fi korona.

Tun ranar 17 ga Disamba 2020 da aka fara allurar nan a ƙasar nan, kyauta ma'aikatar lafiya take yin ta, ɗan ƙasa da mai iƙama, wato takardar izinin zama. Abin da hukuma ke bayarwa kyauta, wani ya zo ƙofar gidanka yana neman riyal 300 a kansa, ka tambayi kanka daga ina ya samo. Allurar Pfizer ta kwalba galibi a daskare take zuwa, a sanyin da ya kai 60 zuwa 90 ƙasa da sifiri, sanyin da firijin gida ba ya kusantarsa. In an narkar da ita sai ta zauna tsakanin 2 da 8, in an huda kwalbar kuma sa'o'i kaɗan ne a zubar da ragowar. Yanzu ka dubi mutumin da ya fito da 'yar kula a bayan mota, ya bi rana tun daga azahar. Ko da allurar gaskiya ce ya sato, ta mutu kafin ta iso falonka. Yawanci ma ba ita ba ce. Kuma in yaron ya yi borin jini numfashi ya sarƙe, a cikin minti kaɗan ake bukatar allurar adrenalin. Shi ya sa ake zaman minti 15 a cibiya. Mai 'yar kular yana da ita? Kafin ka juya ya sauka bene. Masu sayar da shaidar allura ta jabu ma an yi su a nan, a 2021 hukumar yaƙi da cin hanci, Nazaha, ta kama mutane da dama a kan haka, har da ma'aikata. Takarda ba ta kare huhun yaro.

Sai haɗin. Ba na musun falalar zuma da habbatus sauda, ambatonsu ya zo a Alƙur'ani da hadisi, kuma babu gidan da ba su. Abin da nake yaƙi da shi shi ne mutum ya fake da wannan ya dama wani abu a kwalbar da ba suna, ba ranar lalacewa, ba rajistar hukumar abinci da magunguna, ya sa mata kuɗin cefanen mako. Wa ya san abin da ke ciki? An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe da kotizon, wani maganin asibiti mai ƙarfi, a ɓoye, shi ya sa mai sha yake jin ƙarfi da cin abinci a makon farko ya ce maganin na aiki. Kotizon ɗin kuwa garkuwar jikin da aka ce za a ƙara ita yake dannewa, ya ɗaga suga, ya ɗaga hawan jini. Ƙodar da take rarrafe ba ta iya tace abin da lafiyayya ke tacewa, gishirin da ke cikin wasu ganyaye kaɗai ya isa ya rikita bugun zuciyar mai ciwon ƙoda. Mai ciwon suga a ɗura masa zuma cokali uku safe da yamma, me ake jira? Jariri da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam, ko ta ina ta fito.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne abin da ke biyo baya. An kashe riyal 250, dole a ga amfaninsa, sai a ce bari a ɗan ajiye maganin asibiti kada su haɗu. Wata biyu yaro ba hydroxyurea, ba maganin ƙoda, ba a je mau'idi ba. Ranar da ya kumbura a kwashe shi a guje, likita ya tambaya me aka ba shi, kunya ta hana a faɗa. Ku riƙa faɗa. Ku tafi da kwalbar ma a jaka.

Kana da riyal 250 da kake son kashewa a kan yaron nan? Shiga saidaliyya, wato kantin magani, ka sayi ma'aunin zafi na lantarki da na hawan jini mai hannun yara, ka ajiye sauran don kuɗin motar asibiti. Ka kira 937, layin ma'aikatar lafiya ne dare da rana, ka faɗi shekarun yaron da cutarsa su nuna maka inda ake yi, ko ka duba manhajar Sehhaty. In jikinsa ya yi ɗumi bayan allura, farasitamol za ka ba shi, miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, kada ya wuce sau 4 a yini, sai in likitansa ya rage. Brufen ba na mai ciwon ƙoda ba ne. Asfirin kuma ba a ba yaro don zazzaɓi.

Wata kaka daga Makka: "Jikata tana shan maganin kansar jini. A yi mata ko a jira?"

Sannu Baba, Allah ya tashi kafaɗunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara masu raunin garkuwa, tun daga wata 6, a sahun farko na masu bukatar allurar. Matsalar a nan ba haɗari ba ce, jikin ne ba ya amsa allurar sosai yayin da magani ya danne shi. Shi ya sa irinsu suke bukatar allura 2 ko 3, kuma likitan kansa ne kaɗai zai zaɓi rana, lokacin da ƙwayoyin jininta suka farfaɗo tsakanin zagayen magani da na gaba. In ana ba ta maganin da ake kira rituximab ko an yi mata dashen ɓargo, lissafin watanni ne, kada ku yanke shi a gida. Abin da ke hannunku: manyan gidan su yi tasu allurar, mai mura kada ya shiga ɗakinta ko da dubiya ya zo, kuma zazzaɓi 38 a jikinta asibiti ne nan take. In ta kamu da korona kwanan nan, ana iya jinkirtawa kamar wata 3.

Wani matashi: "Ba za a raba ta manya biyu a yi wa ƙanena ba? Kuma lafiyayyun yaran gidan fa?"

Haba ɗan'uwa, allura ba tuwo ba ce da za a gutsura wa yaro. Ta Pfizer ta manya maikirogiram 30 ce, ta 'yan 5 zuwa 11 maikirogiram 10, ta ƙasa da haka 3, kowace da kwalbarta da launin murfinta, kuma da shekarun yaro ake zaɓa ba da girman jikinsa ba. Lafiyayyun kuwa, tun Maris 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da su sahun ƙarshe, babu gaggawa a kansu. Ka duba katinsu na riga-kafi ka ga ko ta ƙyanda da ta shan inna sun cika, in akwai gurbi ka kai su cibiyar lafiya ta unguwa a wannan makon.