Na bar alkama wata huɗu, yanzu wane gwaji zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Zariya. Na daɗe ina fama da kumburin ciki, yawan iska, da zawo mai zuwa ya tafi. Na sha maganin olsa, na sha na taifot, duk shiru. Wata ƙawata mazauniyar Ingila ta ce in bar duk abin da aka yi da fulawa saboda sinadarin gulutin. Wata huɗu ke nan da na bari, kuma na ji sauƙi, sai dai ba duka ba. Yanzu in na sha shayi da madara sai cikina ya yi ta ƙugi. An ba ni labarin wani ɗakin gwaji da ke ɗibar jini sau ɗaya ya lissafa wa mutum abinci sama da kala ɗari da jikinsa ba ya so, amma kuɗin da yawa. In je?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ki adana kuɗinki tukuna.

Irin wannan gwajin yawanci abin da yake aunawa a jini shi ne IgG, wani sinadarin garkuwar jiki, wanda jiki ke yi wa abincin da ya saba shiga cikinsa. Mai cin ƙwai kullum za a ga nasa na ƙwai ya hau, alhali lafiyarsa ƙalau. Ƙungiyoyin likitocin alaji (wato ciwon da garkuwar jiki ke tayarwa in ta ƙi wani abu) na Amurka da Turai da Kanada duk sun ce ba a dogara da shi. Na sha ganin masu zuwa da takardarsa, an ja jan layi a kan wake, gyaɗa, ƙwai, madara, har da tumatir, mace ta koma farar shinkafa da mai, ta rame, ciwon kuma yana nan daram.

Gwajin da ya kamata a fara yi miki shi ne na cutar siliyak, kuma a nan ne shawarar ƙawarki ta yi riga malam masallaci. Mai wannan cuta, in ya ci gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, garkuwar jikinsa ce ke afka wa ƙaramin hanjinsa, har ya kasa tsotsar amfanin abinci. Ana gano ta da gwajin jini mai suna tTG-IgA, sannan a tabbatar ta hanyar zura na'ura mai kyamara ta baki a yanko ɗan ƙaramin nama daga hanji a duba. Matsalar ita ce duka biyun ɓarnar da gulutin ke yi suke nema. Da zarar an daina ci, abin da ake aunawa a jinin ya fara sauka, hanjin ya fara warkewa. Bayan wata huɗu, ana iya ɗibar jininki a ce miki ba komai, alhali kina ɗauke da ita.

Saboda haka sai kin koma cin alkama kafin gwajin. Ƙa'idar da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila ta fitar a 2015 ta ce a ci abinci mai gulutin fiye da sau ɗaya a rana, kullum, na aƙalla mako shida. A girkinmu, burodi da safe, taliya ko tuwon alkama da dare ya wadatar. Na san ba daɗi, kumburin zai iya dawowa. Ki tsara abin da likitan da zai rubuta gwajin, don in ya yi tsanani ya san yadda zai gajarta. In kina da juna biyu, ki jinkirta. Ki kuma tuna masa ya haɗa da auna IgA gaba ɗaya, wato sinadarin garkuwar jiki da gwajin tTG-IgA ya dogara da shi, domin wasu an halicce su da ƙarancinsa, su kuwa gwajin farko ba ya nuna komai a jikinsu.

Akwai gwaji ɗaya da bai damu da abin da kike ci ba, na ƙwayoyin gado, HLA-DQ2 da DQ8. In ba ki da ko ɗaya, kusan an rufe maganar siliyak, kin huta da makonni shidan. In kina da su, ba a gano komai ba tukuna, don mutane da yawa suna da su ba tare da cutar ba. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sai ki tambaya a asibitin koyarwa.

Za ki ce, tunda na ji sauƙi, me ya sa sai na sani? Domin mai siliyak da wanda alkama ke ɗan dama masa ciki ba dokarsu ɗaya ba. Mai siliyak zai bar ta har ƙarshen rayuwa, komai ƙanƙantarta. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya duk halal ɗinsa ne, amma in an kai geron injin da aka gama niƙa alkama, ya gurɓata. Ɗanwaken da ake sayarwa yanzu mafi yawa da fulawa a ciki, lemon malt yawanci da sha'ir a ciki, kuma dole ya riƙa karanta bayan kwalin ɗanɗanon miya. Ba na son in ɗora wa mace wannan ɗawainiya a kan zato. Kada kuma a ce miki ciwon Turawa ne. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100, kuma wani bincike da aka buga a 1999 kan yaran Saharawi a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin ɗari.

Batun madara ya fi sauƙi. Sukarin da ke cikinta, laktos, hanji ne ke narkar da shi, kuma yawancin manya a Afirka ta Yamma ƙarfin narkarwar yana raguwa bayan yaye, in ban da Fulani da dama da suka gaji riƙe shi. Hanjin da siliyak ko wata cuta ta raunana ma yakan kasa na ɗan lokaci, ya dawo daidai in ya warke. Akwai gwajin numfashi da ake yi, amma kina iya ganewa a gida. Ki bar madara mako biyu, ranar da cikinki yake lafiya ki sha kofi guda, ki ga abin da zai faru cikin 'yan awoyi. Kindirmo da nono sukan fi zama a ciki, saboda tsamin ya cinye wani ɓangare na sukarin.

Sauƙin da kika ji ma ba lallai gulutin ne dalili ba. Alkama na ɗauke da wani nau'in sukari, furuktan, wanda hanji ba ya narkarwa sai ya zama iska, kuma yana nan dam a albasa da tafarnuwa. Masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya ne suka tsara hanyar rage irin waɗannan abinci na mako biyu zuwa shida, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya. In kin bar burodi amma miyarki albasa uku ce, ƙila nan ragowar kumburin yake. Wannan ba a gano shi da jini. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci, ƙarfe nawa, da yadda cikin ya kwana, kuma kada ki cire abu biyu a lokaci guda.

Alaji na gaske kuwa daban yake, kuma ban ji alamarsa a wasiƙarki ba. Yana zuwa ne cikin mintuna zuwa awa biyu: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe, sarƙewar numfashi. Wanda ya taɓa ganin haka da alkama kada ya koma mata a gida, asibiti zai je a yi masa gwajin IgE, sinadarin alaji, a jini, ko kuma gwajin fata bayan ya ajiye irin su Piriton na 'yan kwanaki.

Tun kafin makonni shidan su cika, a duba bayan gidanki ko da tsutsar ciki ko ƙwayar jiyadiya mai jawo zawo, a auna jininki da sinadarin ƙarfe. In kika ga jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko zawo ya riƙa tashe ki cikin dare, kada ki jira. In kuma sakamako ya nuna siliyak, a gwada yaran nan uku da 'yan'uwanki na ciki ɗaya, domin kusan 1 cikin 10 na dangi na kusa sukan kasance da ita. Har zuwa ranar, a bar su su ci burodinsu.