Kada ka sa almakashi a rigar kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka tambaya kafin ka taɓa komai. Ka ce kana shirya zane-zanen da za ka kai baje koli Yawunde a kan gidanmu na unguwar Hausare a Garwa, kana so ka yanke aikin ƙirjin babbar rigar marigayi kakanka, Allah ya jiƙansa, ka manna shi a allo ka yi fenti kewaye da shi. Kana tambaya ko al'ada ta yarda. Ba ta yarda ba, ni ma ban yarda ba. Amma akwai hanyar da za ka samu abin da kake nema rigar tana nan lafiya.

Da fari dai rigar ba taka ba ce. Tufafin mamaci na yau da kullum akan yi sadaka da su, amma riga mai daraja irin wannan ana yi mata kuɗi ne a sa ta cikin gado. Jika kuwa ba ya cin gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Ke nan masu ita su ne babanka da baffanninka da gwaggwanninka, kuma zamanta a ɗakin babanka ajiya ce. Ka je wurin babban baffanka da ƙafarka, ka gaishe shi, ka nemi aron kwana biyu ko uku. Gwaggwanninka ma ka sanar da su, don suna da rabo a ciki, kuma su ne za su gaya maka a wace Salla kakanka ya fara sa ta.

In an ba ka, kafin komai ka laluba aljihu da shafin da ke bakin rigar daga ciki. Mutanen da sukan ɗinke laya a irin waɗannan wurare. Idan ka ji wani abu mai tauri, kada ka farke, kada ka ɗauki hotonsa, ka nuna wa baffanka.

Sai ka shimfiɗa tsohon farin zane a kan tabarma, a inuwa, ka baje rigar a kai. Farin zanen yana da amfani biyu: yana kare ta daga ƙasa, kuma zai nuna maka ko shuni yana zuba. Ka wanke hannu, ba mai ba turare. Ka fara da ƙidaya. Rigar saƙi ƙananan ƙyallaye ne da masaƙi ya saƙa dogaye, aka jera aka haɗa da allura. Ka ƙirga su, ka auna faɗin guda, ka rubuta. Ƙarancin faɗinsu da yawansu shi ke nuna tsadar rigar. Daga nan ka ƙirga asake, wato dogayen tsinin nan da ke saukowa a ɓangaren hagu wajen aljihu, ka tabbatar aska biyu ce ko aska takwas, kada ka rubuta suna da ka. Ka duba tambari, da'irar da ke ƙirjin dama, akwai 'yar'uwarta a baya, wadda masu zane da yawa suke mantawa da ita don ba sa juya riga.

Zaren aikin kuma ka san ko mene ne. Tsamiya siliki ce ta daji, daga gidan wata tsutsa, ana dafa ta da toka kafin a kaɗa, launinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta ƙyalli. Idan akwai ɗan zaren da ya riga ya fita da kansa, ƙona shi: tsamiya tana warin ƙonannen gashi ta dunƙule, auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi. Kada ka zaro zare don gwaji, ɗaya yana jan goma.

Wajen kwafe zayyanar, ɗora takarda mai shara-shara a kai, ka danne gefenta da littattafai, ka bi layi da fensir a hankali. Ban da biro, don tawada tana ratsa takarda, kuma in ta shiga tsamiya ta zauna ke nan. Ban da allura ko fil. Ka ɗauki hoto daga sama sosai da safe, da ma'auni a gefe, in ba haka ba asaken za su fito a karkace, tsawonsu ya ɓace maka.

Wannan takarda ita za ka kai wa mai ɗinkin hannu, a Garwa ko a Marwa, ya yi maka ƙirjin kaɗai a sabon ƙyalle. Haka aikin yake tun asali: wani ne ke zana zayyana da alƙalami da tawada, wani ya cika da allura. Ka jiƙa ƙyallen ya bushe kafin ka ba shi, don auduga tana shiga, in ta shiga bayan an gama aiki sai ya tattare. Kada ka matsa masa da gaggawa, aikin makonni ne, wanda aka ja wa zare da sauri yana yamutsewa. In ya gama, wannan naka ne, ka yanka yadda ka ga dama. Sai dai ko shi kada ka sa masa gam. Gam yana bushewa ya sandare, ya yi ja, ya fito ta fuskar aikin. Ɗinke shi a kan wani ƙyalle mai kauri, sannan ka ja ƙyallen a jikin katako.

Abin da nake roƙonka da gaske shi ne rubutun da za ka sa a ƙarƙashin zanen. Riga ɗaya ta bi hannun mai kaɗi, wadda galibi mace ce, da masaƙi, da marini, da mai zayyana, da maɗinki, da mabugi. Ka ambaci waɗannan sana'o'i, ka sa sunan wanda ya yi maka sabon aikin idan ya yarda. Sunan kakanka kuwa sai baffanninka sun amince.

Ranar mayarwa kada ka ce za ka yi musu gwaninta ka wanke ta. Sabulun gari yana cin shuni, dutsen guga yana kwantar da aikin ya ƙona tsamiya. Kada a rataye ta a ƙusa, nauyinta yana yaga kafaɗa. Ka naɗe ta cikin farin zane, ba a leda ba, don leda tana riƙe laima a damina sai fumfuna ta kama, musamman a watan Agusta. In akwatin ƙarfe ne, a shimfiɗa zane kada tsatsa ta taɓa ta, a ɗora shi a kan wani abu saboda gara. Ka gaya wa babarka ta riƙa fito da ita sau ɗaya in hunturu ya shigo, ta sha iska a inuwa, a duba asu, a sauya wurin ninki don kada ya karye a layi ɗaya. Kuma ka mayar da ita hannun wanda ya ba ka, a ranar da ka yi alkawari.

Ka gaishe da babarka da ƙannenka.