Yinin rediyo a Amurka a shekarun 1940

Malam, ka tambayi yadda shirye-shiryen rediyo suke a Amurka kafin talabijin ya yaɗu. A shekarun 1940, tashoshin NBC da CBS kan fara da labarai da kiɗa. Daga hantsi zuwa azahar sai wasannin kwaikwayo na minti 15 don matan gida, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ke ɗaukar nauyinsu. Bayan la'asar kuwa na yara ne.

Ni dai na daren ya fi burge ni: iyali sun kewaye akwatin rediyo mai girman kabad, can a gidan rediyon kuwa makaɗa na kiɗa kai tsaye, wani na buga ɓawon kwakwa kusa da makirfo, ka rantse dawaki ne ke sukuwa.