Tiyatar ƙirji da riƙewar fitsari: a sayo magani tun kafin ranar aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 68, nan da mako biyu za a yi masa tiyata a cire wani sashe na huhunsa. Wani abokinsa da aka yi wa irin aikin ya ce bayan an fito da shi fitsari ya riƙe masa, sai da aka sa masa roba. Ya ce mu sayi tamsulosin Baba ya fara sha tun yanzu. Shi kuwa Baba robar nan ta fi wuƙar ba shi tsoro. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a. Kada ki saya tukuna. Ki rubuta sunan maganin a takarda, ku tafi da ita ranar da za ku ga likitan tiyata da likitan da zai sa shi barci, su yanke.

Abokin Baba bai yi ƙarya ba. Mutane kan yi mamakin me ya haɗa ƙirji da mafitsara, amma abin yana faruwa, musamman ga maza da suka haura 50. Kafin fitsari ya fita sai abu biyu sun yi aiki tare: jikin mafitsara ya matse, bakinta kuma ya saki. Tiyata tana iya taɓa kowannensu. Magungunan kashe zafi dangin mofin suna rage ƙarfin matsewar, suna kuma dusashe jin cewa mara ta cika. Allurar efidural, wadda ake sa siririyar roba a gadon baya ana tura magani, takan shafi jijiyoyin da ke kai saƙo. Wani maganin da ake bayarwa lokacin farkar da majiyyaci, glycopyrrolate, shi ma yana sa mafitsara sanyin jiki. Ga ƙarin ruwa yana shiga jijiya awa da awanni, mafitsarar da iyakarta mililita 400 zuwa 600 tana cika ba a sani ba. Sai ki dubi dattijo kwance rigingine, roba ta fito daga haƙarƙarinsa zuwa kwalba a ƙasan gado, ko tari ba ya iyawa sai ya dafe ƙirji da matashi, an miƙa masa tasa a bayan labule an ce ya yi. Ko mai ƙoshin lafiya sai ya yi da gaske.

Tamsulosin bakin mafitsara kawai yake kulawa da shi. Yana sassauta naman da ke wurin da na furostet (ƙullin naman da ke kewaye da bututun fitsarin namiji a ƙasan mafitsara), shi ya sa asalin aikinsa shi ne taimakon maza masu kumburin furostet. Ba ya ƙara wa mafitsara ƙarfi. In mofin ne ya kwantar da ita, ko an buɗe ƙofa babu mai turo fitsarin. An gwada shi a matsayin rigakafi a tiyata iri-iri, sakamakon kuma bai zo baki ɗaya ba: a wasu gwaje-gwajen ya rage riƙewar, a wasu ba a ga bambanci ba. Don haka za ki tarar wani likita yana rubuta shi ga maza masu shekaru, wani ba ya yi, kuma kowanne yana da hujjarsa.

Abin da ya sa na hana ki saya da kanki shi ne jiri. Maganin yana iya sa jinin mutum ya faɗi idan ya miƙe tsaye, musamman a kwanakin farko. Bayan aikin huhu kuwa so ake majiyyaci ya tashi ya taka tun ranar ko washegari, don huhu ya buɗe. Efidural ma tana saukar da jini. In aka haɗa su ba tare da likitan barci ya sani ba, Baba zai iya yanke jiki ya faɗi da roba a ƙirji.

Abin da ya fi ƙwayar amfani shi ne labarin da Baba zai bayar. Sau nawa yake tashi fitsari da dare? Sai ya jira ko ya yi nishi kafin ya fara? Yana fita a tsinke? In ya gama yana jin da saura? Fitsari ya taɓa riƙe masa? Yana da ciwon suga? Dattawa da yawa ba sa son faɗin irin wannan a gaban 'ya'yansu, sai su ce lafiya lau. Ki gabatar da maganar, sannan ki fita ki bar su da likita. In amsoshin sun nuna furostet ya fara matsa masa, shi ne mutumin da aka fi sa ran maganin zai amfana, kuma likita zai faɗi ranar farawa da ranar dainawa.

Ki kuma tambaya ta yaya za a kashe masa zafi. Akwai allurar da ake yi a gefen ƙashin baya, wajen da jijiyoyin haƙarƙari ke fitowa, wadda ba ta cika jawo riƙewar fitsari kamar efidural ba. Ba kowane aiki ta dace da shi ba, amma tambayar ba ta ɓaci.

Tambaya: Ni mace ce, shekarata 45, za a yi mini aikin ƙirji. Ni ma ina bukatarsa?

Amsa: Da wuya, Malama. Mace ba ta da furostet, kuma riƙewar ta fi yawa ga maza. Ki dai faɗa musu duk abin da kike sha, har da maganin mura da na ƙaiƙayi irin chlorphenamine, da amitriptyline, da hyoscine, domin dukkansu suna iya riƙe fitsari. Ki kuma kula da bayan gida, taurinsa yana matse mafitsara.

Tambaya: Likitana ya rubuta mini tamsulosin kafin aikin. Na tarar da Flomax da wani mai suna daban. Wanne zan ɗauka? Ina shan maganin hawan jini, kuma an ce za a cire mini yanar ido in na warke.

Amsa: Malam, Flomax sunan kasuwa ne, sinadarin ɗaya ne. Ka duba kwalin ka ga an rubuta tamsulosin 0.4 mg, ka duba ranar lalacewa, ka saya a wurin mai lasisi. Kada ka karɓi finasteride a madadinsa don an ce shi ma na furostet ne. Wannan sai ya yi watanni kafin ya fara aiki. Ana shan ƙwaya ɗaya a rana, kamar rabin awa bayan cin abinci, a haɗiye ba a tauna ba, ba a fasa ba. In za ka tashi, ka fara zama a bakin gado na ɗan lokaci.

Sauran maganarka biyu ta fi ta kwalin muhimmanci. Ka koma ka tabbatar likitan ya san da maganin hawan jinin, da sildenafil (maganin ƙarfin maza) in kana sha, don su ma suna saukar da jini. Batun ido kuma, tun 2005 likitocin ido suka bayyana cewa tamsulosin yana sa baƙin ido ya yi laushi yana lilo a lokacin cire yana, aikin ya yi wuya, kuma hakan na iya faruwa ko bayan an daina sha. Ka faɗa wa likitan ƙirjin tun kafin ka haɗiye ta farko, wataƙila ya sake shawara. In kuma ka sha, ka faɗa wa likitan ido ko da an yi shekara. Wani abin da maza ke jin nauyin tambaya: maniyyi yana iya raguwa ko ya ƙi fitowa yayin da ake shansa, yakan dawo daidai in an daina.

Tambaya: Zan iya cewa kada a sa mini robar fitsari kwata-kwata?

Amsa: Kana da damar tambaya, ɗan'uwa, kuma ba kowa ake sa wa ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar ERAS, mai nazarin saurin murmurewa bayan tiyata, da ta likitocin tiyatar ƙirji ta Turai suka fitar a 2019 sun ce mai lafiyayyar ƙoda ba sai an sa masa roba don kawai a auna fitsarinsa ba, amma ya dace a sa wa wanda aka yi wa efidural. Kowace rana da robar ta ƙara a jiki tana ƙara haɗarin ƙwayar cuta, don haka ka riƙa tambayar yaushe za a cire.

Amma in awa shida zuwa takwas ta wuce ba ka yi fitsari ba, ko mararka ta ɗaure tana ciwo, ko kana ta ɗigo kaɗan-kaɗan, kada ka yi shiru don tsoron roba. Ka kira nas. Za a ɗora na'urar hoto a mara a ga yawan abin da ke ciki, minti biyu an gama. Sau da yawa siririyar roba ake sawa a zubar a cire nan take. Mafitsarar da aka bari ta cika ta miƙe fiye da kima takan yi kwanaki kafin ƙarfinta ya dawo, kuma a irin wannan ne ake sallamar mutum gida da roba a jiki.