Filin Tambaya da Amsa: Neman Gurbin Karatu a Jami'ar Gwamnati a Biranen Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digirina na farko a fannin kimiyyar sinadarai, kuma ina son in ci gaba da karatu a Amurka. An ba ni shawara in nemi jami'ar gwamnati da ke cikin babban birni, wai ta fi masu zaman kansu sauƙin kuɗi, kuma wai a birni ba a rasa aikin da mutum zai riƙe kansa da shi. Shin haka abin yake, kuma ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya sa wa karatun albarka. Shawarar da aka ba ki tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai gyara a cikinta, kuma gyaran ne ya fi damuna, domin a nan ne ɗalibai da dama suke asarar kuɗinsu da lokacinsu.

Jami'o'in da kike nufi, irin su Jami'ar Illinois da ke Chicago, da Jami'ar Houston, da Georgia State a tsakiyar Atlanta, da Wayne State a Detroit, mallakar jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba. Da yake harajin mutanen jiha yana cikin abin da ake tafiyar da su da shi, rangwamen kuɗin makaranta na mazauna jihar ne kawai. Ba'amurken da ya zo daga wata jiha ma ba ya samunsa, balle ke da za ki zo daga ƙetare, kuma abin da za a nemi ki biya yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko fiye. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya kuma ba ya shafar mai bizar ɗalibi.

Maganar aiki ma sai an yi hattara. Bizar ɗalibi, wato F-1, ta yarda ki yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin da ake karatu, shi ma a cikin harabar jami'a, kuma a shekarar farko ba a ba da izinin aiki a waje. Wanda ya saɓa wannan yana iya rasa izinin zamansa gaba ɗaya.

Inda alherin waɗannan jami'o'i yake shi ne bincike. Malamansu suna da ɗakunan gwaji da kuɗin gudanar da su, suna kuma bukatar ɗaliban da za su taya su bincike ko koyar da 'yan ajin farko. Wanda aka ɗauka a wannan matsayi yawanci ana yafe masa kuɗin makaranta, a kuma riƙa ba shi alawus. A fanninki, sassa da yawa suna karɓar mai digirin farko kai tsaye zuwa digirin digirgir, kuma a nan tallafin ya fi samuwa, ba a digiri na biyu ba. Da ni ne ke, da wannan ƙofa zan fara ƙwanƙwasawa. Ki shiga shafin sashen a intanet, ki zaɓi malamai biyu ko uku waɗanda aikinsu ya yi daidai da naki, ki karanta abin da suka wallafa kwanan nan, sannan ki rubuta wa kowannensu gajeriyar wasiƙa da ke faɗin abin da kika yi a bincikenki na kammalawa, da na'urorin da hannunki ya saba da su. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa mutum hamsin ba ta cika samun amsa ba.

Takardun da ake nema sanannu ne: cikakken sakamakonki, wanda wasu jami'o'in sai wata hukuma irin WES ta tantance shi, da wasiƙun shaida daga malamanki, galibi uku, da bayanin manufarki, da sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, wanda shekara biyu yake yi ya daina aiki. Zangon farko yana farawa a ƙarshen Agusta, amma neman gurbin da ke da tallafi yakan rufe tun Disamba ko Janairu, saboda haka ki ba kanki shekara guda cur.

Idan an ɗauke ki, ofishin ɗaliban ƙasashen waje zai aiko miki da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, bayan kin nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Ki dubi sashen kuɗi na takardar da kyau. A gefe guda an jera kuɗin makaranta da na zaman yau da kullum, a ɗaya gefen kuma an rubuta inda kuɗin zai fito: aljihunki, ko jami'a, ko wani mai ɗaukar nauyi. Dole na biyun ya rufe na farkon. Da wannan takarda za ki biya dala 350 ta rajistar ɗaliban ƙasashen waje da ake kira SEVIS, ki cike fom ɗin neman biza na DS-160, ki biya dala 185 ta neman biza. Sai dai kafin ki kashe ko sisi, ki duba shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarki, domin a 2025 gwamnatin ƙasar ta taƙaita shigar 'yan wasu ƙasashe, har da masu zuwa karatu.

Abu na ƙarshe shi ne masauki. Ɗalibai da yawa a irin waɗannan jami'o'i daga cikin gari suke zuwa a bas ko jirgin ƙasa, ɗakunan kwana ba su wadata ba, haya a babban birni kuma tana iya cinye kaso mai tsoka na alawus. Ranar da wasiƙar ɗaukarki ta iso, ki nemi sakataren sashen ya haɗa ki da ɗalibai biyu da ke can, ki tambaye su nawa suke biyan haya, da kuma minti nawa suke yi kafin su isa ɗakin gwaji.