Amsa ga 'yar'uwar da aka gano tana da ciwon hanta nau'in C a wurin awo

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin rubuto daga Ƙaura Namoda cewa an ɗebi jininki a wurin awon ciki aka ce kina ɗauke da ciwon hanta nau'in C, kina tambaya ko jaririn zai ɗauka, kuma ko za ki iya shayarwa. Ni ma an faɗa mini haka a Gusau ina da tsohon ciki, don haka na san halin da kike ciki.

Ki fara tambayar wane gwaji aka yi miki. Gwajin ɗigon jini da ake ba da sakamakonsa nan take yana nuna cewa ƙwayar cutar ta taɓa shiga jiki ne kawai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 jikinsu yana kawar da ita da kansa. Sai gwajin PCR, wato gwajin jini da ke neman ƙwayar cutar ita kanta, ne ke tabbatar da cewa tana nan.

Ni ba cutar ce ta fi cin raina ba. Ma'aikaciyar da ta karanta sakamakon ta ɗaga murya a gaban uwar mijina, kafin magariba an ware mini kwano da kofi, aka hana ni girki, abokiyar zamana kuma ta shiga gidajen maƙwabta tana cewa ai an san inda ake kwaso irin wannan. Har yau ba ta nemi gafarata ba. Alhali ta jini cutar ke bi: askar wanzami, ƙaho, allurar da aka maimaita, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba. Cin abinci tare ba ya yaɗa ta.

Jarirai kusan 6 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa, adadin yana ƙaruwa idan akwai ƙanjamau, kuma haihuwa ta hanyar tiyata ba ta rage haɗarin. Ki shayar da abinki, sai dai idan kan nono ya tsage yana jini, ki dakata har ya warke. Ana gwada yaro a wata 18. Nau'in C ba shi da allurar rigakafi, amma kada a bar jaririn ya wuce awa 24 ba a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba.

Don Allah ki guji jiƙe-jiƙen maganin ciwon shawara da za a yi ta kawo miki, hantarki ba ta buƙatar ƙarin nauyi. Magungunan sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, sai dai ba a saba ba mai ciki ba, ni ma sai bayan yaye likita ya ɗora ni a kansu. Maigida ma ya je a gwada shi, ku kuma fara tanadin kuɗin PCR tun yanzu, domin yana da tsada.