Tsohuwar laftof da ke kwance a durowa za ta iya zama sabar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Daura. Ina da tsohuwar laftof ThinkPad, Core i5 mai RAM 8GB, tun da na sayi sabuwa take kwance a durowa. A gida muna da ƙaramar sola, batir ɗaya 12V 100Ah, da rawuta mai layin waya. Damuwata data ce. Yara huɗu, kowa sai ya sauke abu iri ɗaya a wayarsa, karatu ne, katun ne, kafin wata ya raba data ta ƙare. Wani abokina ya ce in haɗa saba a gida, amma sai na sayi Raspberry Pi. Dole ne sai na saya? Sannan babban ɗana yana son sanin ko sabar za ta hana ƙwallonsa ta eFootball sarƙewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna, da tsohuwar zuma ake magani. Saba ba wani irin inji ba ne na daban. Duk kwamfutar da aka bari a kunne tana ajiye kaya, sauran wayoyin gidan suna zuwa suna ɗiba, ta zama saba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Wi-Fi daban, data daban. Rawutarka tana haɗa wayoyin gida da laftof ko da babu ko megabait ɗaya a layin. Abin da ya tashi daga laftof zuwa wayar yaro bai fita ƙofar gida ba, don haka babu mai cajinka. Ka sauke sau ɗaya, mutum huɗu su kalla sau ɗari.

Abokinka bai yi ƙarya ba, Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, abin sha'awa ce, ni ma ina da Pi 4 wadda ta fito a 2019. Wutar da take ci tsakanin wat 3 zuwa 7 ne kawai. Sai dai allon lantarki ne tsirara: sai ka sayi caja, da gidan da za a saka ta, da fanka, da katin ajiya. Kuma ba ta da batir. Aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a kan kati, wata rana ka kunna ta ƙi tashi. Waɗanda suke yaba ta a bidiyoyin Turai da Amurka wutarsu ba ta ƙiftawa. Laftof kuwa da batirinta a ciki, da allonta, da madanninta. A ƙasar nan wannan batirin ya fi min komai da ke jikin Pi.

Bari mu yi lissafi, tunda kai malami ne. Laftof irin taka, a rufe, ba ta aiki mai nauyi, tana cin wat 10 zuwa 15. Rawuta ka ba ta wat 8. Mu ce 23 ke nan. Da rana fanel ne ke ɗauke da su. Daga magariba zuwa fitowar rana, awa 12, za su sha kusan wat-awa 280. Batirinka 12 sau 100, wat-awa 1,200 ne a rubuce, amma idan na ruwa ne ko jel, rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga sabar ta cinye kusan rabin rabon dare, ga fanka ga ƙwayaye suna jira. Inbata ma tana da nata cin ko ba a jona mata komai ba. Shi ya sa nake cewa kada ka biye wa masu cewa saba ba ta barci. Wa zai kalli katun ƙarfe uku na dare? Kashe ta bayan isha, a kunna da safe. Babbar kwamfutar tebur kuwa, mai cin wat 60 zuwa 100, kada ma ka fara, kafin asuba ta tsotse batirin.

Abin da zai kashe maka ita ba ƙarancin ƙarfi ba ne, zafi ne da ƙura. Ka san Afrilu da Mayu a Daura da Katsina, ma'auni yana haura 40. Batirin lithiyam ba abin da ya tsana kamar a bar shi cike fal a cikin zafi. Na yi wannan wautar. Na bar wata laftof a jone dare da rana a ɗaki mai rufin kwano ba silin, bazara ɗaya na ga wurin da ake shafa yatsa ya taso kamar burodi. Batir ne ya kumbura. In ka ga haka cire shi nan take, kada a matsa, kada a huda. Sa'arka ɗaya, ThinkPad tana yarda a ƙayyade mata caji. A Windows manhajar Lenovo Vantage ke yi, a Linux kuma TLP. Sa ta tsaya a kashi 70 ko 80. Ɗora ta a kan tebur, ka ɗaga bayanta da marafan kwalba biyu iska ta ratsa, ban da katifa, ban da kafet, ban da cikin durowa. In hunturu ya wuce kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya hure fankar, domin ƙurar kan dunƙule a bakin iskar kamar auduga.

Batun manhaja: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka girmi zubi na 8 (8th Gen). Ni Linux Mint zan sa mata a madadin Windows, kyauta ce, kuma fuskarta ba za ta ba ka tsoro ba. A saitin wuta ka gaya mata kada ta yi barci in an rufe murfi. A kanta ka ɗora Jellyfin. Ita ce za ta jera maka bidiyo da sauti da hotuna tsaf, kowane yaro da asusunsa, kai ke zaɓar abin da zai gani. Na fifita ta a kan Plex, wata manhaja irinta, don ita Plex tana son ka shiga ta asusunta na intanet, kuma wasu abubuwan sai ka biya. Jellyfin ba ruwanta da kowa. A rawuta ka ba laftof adireshi tsayayye, misali 192.168.0.10, yaro ya rubuta shi a burauza ya ƙara :8096 a ƙarshe, shi ke nan. In rawutar tana da ramin jona igiya (LAN), jona laftof da igiya. Ajiye bidiyo a MP4, 720p ya ishi allon waya, ba sai laftof ta yi gumi tana sauya fasalinsa ba.

Akwai kuma Kiwix, wadda nake ganin kai za ka fi yara morar ta. Tana ɗauko Wikipedia sukutum ta ajiye a gida. Ta Hausa ba ta da nauyi. Ta Turanci mai hotuna ta kai gigabait 100, sai dai ka kwafa wurin wanda ya riga ya sauke. Amma in gaya maka gaskiya, in TikTok da sitatus na WhatsApp ne ke shanye datar, saba ba ta da maganinsu. Duba a wayoyin ka ga wace manhaja ce ɓarauniyar kafin ka ɗora mata buri.

Kashedi ɗaya: faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana mutuwa ba sallama, balle na hannu da ba ka san shekarunsa ba. Katun in ya ɓace a sake saukewa. Hotunan suna da na biki da takardun makaranta, su lallai a sami kwafi na biyu a wani faifan da ba ya jone.

Yanzu ga amsar ɗanka, kuma ba za ta yi masa daɗi ba. A'a. Tun da Konami ta mayar da PES eFootball a 2021, wasan ya jingina da intanet. In yana karawa da wani ta intanet, duk bugun da ya yi sai ya bi ta eriyar kamfanin waya ya fita duniya ya dawo, laftof ɗinka ba ta kan wannan hanyar ko kaɗan. Abin da zai rage masa sarƙewa shi ne a matsar da rawuta bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, ya zauna kusa da ita, kuma ƙannensa su daina sauke kaya yana tsakiyar wasa. A nan ne sabar za ta taimaka masa ta bayan gida: in suna kallo daga laftof, sun bar masa layin shi kaɗai.

Gem ɗin da saba take riƙewa da kanta wani iri ne. Minecraft shi ne sananne, amma na sayarwa ne, kuma na kwamfuta mai suna Java ba ya haɗuwa kai tsaye da na waya. Ni Luanti nake sa wa yaran gidanmu, wanda a da ake kira Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Kyauta ne, yana tafiya a Android, kuma laftof ɗinka za ta ɗauki su huɗun ba tare da ta ji a jikinta ba. Duniya ɗaya ce suke shiga tare, suna haƙa suna gini, abin da aka gina yau yana nan gobe. Namu sun shafe hutu guda suna ƙoƙarin gina hasumiyar Gobarau, ta fito a karkace, aka yi ta rigima kan wanda ya rushe matakalar. Naka ka ba su rijiyar Kusugu su gwada. In kuma ka sami fad biyu na buga gem masu USB, manhajar RetroArch za ta buga wasannin zamanin Sega da PS1 sumul a jikin laftof ɗin. Na PS2 ta manhajar PCSX2 sai an gwada, wasu za su tafi, wasu su riƙa jan ƙafa.

Watakila daga baya ka so leƙa sabar daga makaranta. Kada ka wahalar da kanka da buɗe ƙofa a rawuta, yawancin layukan waya mutane da yawa suke haɗawa a adireshi ɗaya, ba za ta buɗu ba. Manhajar Tailscale ke warware wannan, a sa ta a laftof a sa a waya. Amma ka tuna da zarar ka fita daga Wi-Fi na gida, data biyu kake ƙonawa, ta rawuta da ta wayarka.

Kafin duk wannan, yau da yamma ciro ta daga durowa, ka caje ta, ka zare caja ka duba agogo. In batirin ya riƙe minti 30, ya isa. In ta mutu nan take, batir za ka fara nema wurin masu kayan kwamfuta a Katsina ko Farm Centre a Kano, ka tafi da lambar da ke jikin tsohon.